Kaskon Gahawar Abu Sa'ad

Bari in fara da laifin da kuka riga kuka ji ƙishin-ƙishinsa, don ku yarda da ni a kan wanda ba ku sani ba. Ni na kashe abin busar da gashin Umma. Ba Hafsa ba ce ta jefa shi a ruwa kamar yadda na rantse a lokacin, kuma Hafsa, ki yafe mini rankwashin da kika sha a madadina. Ɗauke shi na yi na hau saman gininmu na unguwar Manfuha a Riyad, na ɗaure bakinsa a jikin wani bututu da salatif, na mai da shi zuga-zugi. Kwana tara yana hura mini wuta ba gardama. A rana ta goma ya yi tari sau biyu, ya saki wani hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi, ya cika. Na goge shi tas, na mayar da shi inda na ɗauko, na je na zauna da littafi kamar mutumin kirki.

An gaya muku karatu ne ya kawo ni Zariya. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma gaskiya ce irin ta manya, wadda aka yanke wa kai da ƙafa. Ke Hafsa shekararki bakwai a lokacin, kai kuwa Ammar ba abin da ka sani sai cin biskit da cizon mutane. Yanzu kun fara tambaya, Umma kuma ba za ta faɗa ba, Abba balle. To ga yadda aka yi.

Shekarata goma sha biyar lokacin da ƙira ta shiga kaina. A waya na gani: wasu mutane a bayan gidajensu suna ciro ƙarfe daga wuta ja wur, su dake shi, ya lanƙwashe musu kamar alewa. Na kalli irin wannan bidiyon har sai da na fara ganin kowane ƙarfe a Riyad a matsayin wuƙar da ba a riga an ƙera ba. Ƙofar baƙala, wato kantin kayan masarufi, sandar fitilar titi, har keken guragun asibitin Shumaisi ban ƙyale ba. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na tari Abba da maganar.

"Ƙira?" in ji shi. "Nasiru, mu ba maƙera ba ne. Kakanka tela ne, kakansa tela ne. Ƙira gado ce. Wuta ta san 'ya'yanta, kai kuwa ba ta san ka ba."

"Abba, waɗannan da nake gani ai ba su gada ba."

"Su da ƙasarsu. Kai baƙo ne a nan. Baƙo ba ya hura wutar da ta fi ta shayi."

Shi a'a ya ce. Ni kuma abin da kunnena ya jiye mini shi ne kada in bari ya gani.

Mako uku na yi ina haɗa maƙerata. Gangar birkin wata tsohuwar mota na samo a bayan gareji, na ɗora ta a kan bulo uku, ita ce murhu. Gawayi na gashin nama ne daga baƙala. Uwar maƙera kuwa kan wata masaba ce da na roƙa wajen Kawu Ɗanlami, maƙwabcinmu mai gyaran famfo, na kafa ta cikin bokitin yashi. Filaya ce awartakina, gajera ce, don haka har yau gashin bayan hannuna na dama bai gama yafe mini ba. Bayan rasuwar abin busar da gashi, na ciro ƙaramar fanka daga wata matacciyar na'urar sanyaya ɗaki cikin tarkacen aikin Abba. Duk na ɓoye su a bayan tankunan ruwa. Tsakanin la'asar da magariba nake aiki, lokacin Abba yana wajen aiki, Umma kuma ta ɗauka hadda nake yi a sama. Na'urorin sanyi na ginin suna ta gurnani, ga kantin masu walda a ƙasa, babu wanda ya bambance dukana da nasu. Zafin saman bene a Riyad kuwa, na rantse wani lokacin ba na sanin wanne ne ya narkar da ƙarfen, gawayina ko rana. Na ƙera ƙusoshi biyu da ƙugiya, da wani abu da ya tsaya tsakanin cokali da abin kunya. Amma rodin gini da nake tsintowa tsagewa yake yi idan na matsa masa, ni kuma wuƙa nake so. Masu bidiyo duk bakinsu ɗaya: tsohon ƙarfe ya fi.

A nan ne Abu Sa'ad ya shigo labarin. Kun san sunan, amma ba ku san nauyinsa ba. Shi ne kafilin Abba, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, mai kamfanin gyaran na'urorin sanyi da Abba ya yi wa aiki shekara goma sha bakwai. Iƙamar Abba, wato katin izinin zama, a hannunsa take, tamu kuma, ni da ku da Umma, duk a jikin ta Abba take rataye. Ginin da muke ciki ma nasa ne, a nan ya tashi kafin ya yi arziki ya koma arewacin gari. Ya bar wani ƙaramin ɗaki a saman benen a kulle, da kayan mahaifinsa a ciki, ya damƙa wa Abba makullin. Bai ba 'ya'yansa ba, Abba ya ba. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin su Umma, kuma tun ina ƙarami na san ba a taɓa shi.

Na taɓa shi wata Litinin. A cikin ɗakin akwai tsofaffin dardumai, da sandunan tanti, da ƙura mai kai wa idon sawu. A lungu na ga wani baƙin kasko mai tsatsa, da hannu dogo kamar daga kafaɗata zuwa yatsa, ƙarfe mai kauri, mai nauyi. Na ce a raina wannan ai shara ce da ta manta ba a zubar da ita ba. Na ɗauki hotonsa a waya, don masu bidiyo kullum suna nuna yadda abu yake kafin su taɓa shi. Sannan na sa zarto na yanke hannun daga gindi. A jikin hannun akwai wani ɗan zobe da layi biyu a gefensa, na gan su sarai, na ɗauka tabon tsufa ne. Na mayar da kaskon lungu, na rufe shi da darduma, na mayar da makulli ƙusarsa. Kwana uku ina dukan ƙarfen nan. Na fito da wuƙa mai doro, wadda ko albasa sai an roƙe ta take yankawa. A idona kuwa takobi ce.

Wannan ita ce shekarar da aka tsananta binciken takardu. Ku ba za ku tuna ba. Unguwar nan tamu da ba ta taɓa yin shiru ba sai ta koma kamar an yi rasuwa. Shaguna a rufe, mutane suna leƙe ta taga, kullum sai ka ji an tafi da wane. Iƙamar Abba saura mata kwana ashirin ta mutu, takardun sabuntawa suna wajen Abu Sa'ad, shi kuma ya ce a bari sai an gama bikin jikansa. Umma ta daina kunna rediyo. Abba yana taɓa aljihun gabansa sau goma kafin ya fita, ya tabbatar katin yana nan.

Ranar wata Asabar muna cin shinkafa da rana, Abba ya ce da Umma:

"Abu Sa'ad ya kira. Yana so in kai masa mihmasar babansa ranar Alhamis, za a rataye ta a tantin biki."

"Mece ce kuma mihmasa?" na tambaya, baki cike.

"Kaskon da suke soya gahawa. Baƙi, mai dogon hannu. Wanda babansa ya yi ta yawo da shi a sahara, duk baƙon da ya sauka a tantinsu a ciki aka soya masa gahawa. Da tambarin gidansu a hannun, irin wanda suke yi wa raƙumansu. Ya ce mini da a taɓa kaskon nan gara a taɓa motarsa."

Na daina cin shinkafar. Abba ya wanke hannu, ya ɗauko makulli, ya nufi matakala. Na bi shi. Matakalar nan hawa arba'in da biyu ce, na sha ƙirga ta, amma ran nan na rantse ta kai dubu, kuma na so ta fi haka. Ya buɗe ɗakin, ya ɗaga darduma. Ya ɗauko kaskon da dungulmin gindinsa, inda zarto ya bar ƙarfe fari yana ƙyalli. Bai juyo ba. Ni na je bayan tanki da ƙafata na ɗauko wuƙar, na miƙa masa. Ya dubi wuƙar, ya dubi gangar birki da bokitin yashi da fankar da ya gane tasa ce. Na shirya wa mari, har na karkatar da kumatu. Da ma ya mare ni. Zama ya yi a kan bulo, cikin ranar nan, da kasko a hannu ɗaya da wuƙa a ɗaya, ya ce a hankali:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nasiru, makullin ma ka ɗauka."

Da yamma Umma ta aika aka kira Kawu Ɗanlami. Aka tura ku ɗaki aka kunna muku katun. Kawu ya juya kaskon, ya juya wuƙar, ya yi ƙoƙarin kada ya yi dariya, ya kasa, sannan ya ga fuskar Abba ya haɗiye sauran.

"Malam Isa, abin ai da sauƙi," in ji shi. "Kasuwar tsofaffin kaya cike take da irin wannan. Gobe in samo maka ɗan'uwansa. Tsohon nan rabonsa da ganin kaskon ya fi shekara goma, idonsa ma ya yi rauni."

"Tambarin fa?" in ji Umma.

Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce ina da hoton, kuma zan iya buga shi. Duk suka juyo suka dube ni, kamar akuyar da ta ci takarda ce ta ce za ta rubuta wata.

Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tashi ya tafi masallaci. Umma ta ɗauki shirun nan a matsayin izini. Washegari Kawu ya kawo wani kasko a cikin buhu, tsawo ɗaya, baƙi ɗaya, har da lotsawa a gefe. Na hau sama, wannan karon Umma ce ke gadin matakala. Na ƙera ƙaramin kurfi na buga tambari daga ƙusar kankare, na gwada a kan rodi sau ashirin, sannan na gasa hannun kaskon na buga zoben da layukan biyu, ina duba hoton ina duba ƙarfen. Ga jiniyar 'yan sanda tana wucewa a titi, duk wadda ta wuce sai in ji kamar hayaƙina ta hango. Da ya huce na goge wurin da gishiri da ruwan tsami, na bar shi ya kwana ya yi tsatsa, na shafe da dusar gahawa da baƙin tukunya. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Kawu ya sa tabarau ya duba, ya ce ko marigayin ya tashi sai ya rantse nasa ne.

Ranar Laraba bayan azahar muka ajiye shi gaban Abba. Ya daɗe yana shafa tambarin da babban yatsa.

"Ka iya," ya ce. "Wallahi ka iya. Wannan ne ya fi ba ni tsoro."

Ya ture shi gefe, ya jawo dungulmin da wuƙar, ya fara naɗe su a cikin tawul.

"Malam," in ji Umma. "Yara uku. Kwana goma sha shida suka rage. Idan ya yi fushi ya buga mana bizar fita, ina za mu? Makarantarsu fa? Ka ga abin da ake yi a titi."

"Na gani."

"To don Allah ka kai wancan. Wa zai sani?"

"Zai rataye shi a gaban mutanensa ya ce na babansa ne. Zai sa jikokinsa su taɓa. Ni kuma kullum na gaishe shi da safe sai in sake yi masa ƙaryar daga farko. Makulli ya ba ni, Rabi. Bai ba 'ya'yansa ba."

"Amanar 'ya'yanka fa? Ita ba amana ba ce?"

Har yau ban san ko Abba yana da amsar wannan ba. Ya dai ce mini in goge farar riga, gobe tare za mu.

Alhamis bayan la'asar muka isa gidan Abu Sa'ad. An kafa tanti a haraba, ma'aikata suna shimfiɗa dardumai. Aka shigar da mu majalisinsa, ɗakin baƙi mai sanyi har cikin ƙashi, yana zaune a can ƙurya da carbi, tsoho siriri mai jan gemu na lalle, da 'ya'yansa biyu a gefe. Ya amsa sallama da fara'a, ya kira Abba Abu Nasir kamar yadda ya saba. Wani mai hidima ya zo da butar gahawa, ya zuba wa Abba a ɗan finjali, ya zuba mini. Ni na kai baki zan sha, Abba ya taka mini ƙafa. Sai na ga ya sunkuya ya ajiye finjalinsa a ƙasa, a gabansa, bai kurɓa ba. Ni ma na ajiye nawa.

A al'adarsu, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba yana da buƙata mai nauyi, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce an biya masa. Abu ne da manyansu ke yi wa juna, wajen neman aure ko neman yafiyar jini. Ban taɓa jin mai gyaran na'urar sanyi ya yi wa kafilinsa ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya gyara zama, ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Me kake nema, Abu Nasir?"

"Allah ya ja kwananka, yafiya nake nema. Amma sai ka ga abin tukuna."

Ya kwance tawul ɗin a kan darduma. Ya faɗi komai da Larabcinsa mai sauƙi, bai rage ba: makulli, zarto, wuta a saman gini. Bai ce yaro ne ba, bai ce bai sani ba. Ya ce makullin a hannunsa yake, don haka laifin a wuyansa yake. Tsohon ya ɗauki kaskon ya ɗora a cinya. Ya ɗauki wuƙar, ya kai ta kusa da ido, yana juya ta yana neman wani abu. A kusa da ƙota akwai rabin zoben da gudumata ba ta gama cinyewa ba. Da yatsansa ya same shi, ya tsaya a kai. Ina jin ƙarar na'urar sanyi, ina jin masu kafa tanti suna kiran juna a waje. Gahawar Abba ta daina tururi.

"Kai ka yi wannan?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Ammi," na ce, yadda ake kiran dattijo da Larabci.

"Mene ne?"

"Wuƙa ce."

"Wuƙa," ya maimaita. Ya gwada bakinta a tafin hannunsa, ko alama ba ta yi ba. "Shekara sittin ƙarfen nan yana kiran baƙi su zo su ci. Ka mai da shi abin da ko yanka ba ya yi."

Babban ɗansa ya fara magana da zafi, ya ambaci 'yan sanda, ya ambaci wuta a ginin da mutane ke kwana, ya ambaci fita ba dawowa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Tsohon ya bar shi ya gama. Sannan ya dubi Abba, ya daɗe yana dubansa.

"Kasuwa cike take da irinsa," ya ce. "Ba ka yi tunanin sayo mini wani ba?"

"An sayo. Yana gida."

Tsohon ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali.

"Sha gahawarka, Abu Nasir. Takardunka za su fito ranar Lahadi, kai da iyalinka. Makullin ma ka ci gaba da riƙewa." Sai ya nuna ni da wuƙar, bai dube ni ba. "Amma wannan, ba na so ya ƙara kwana a ƙarƙashin rufin babana. Ba na so in gan shi."

Abba ya dubi finjalin da ke ƙasa. Na san abin da yake aunawa, ni ma na auna. Ba mu da wani gida a Riyad, kuma a wannan shekarar babu mai karɓar ɗan wani ya ajiye. Idan ya sha, ya yarda. Idan bai sha ba, mu biyar ne a jirgi. Ya sunkuya ya ɗauki finjalin. Ya sha, mai sanyi, kurɓi ɗaya. Tawa tana nan a ƙasa muka fito, babu wanda ya ce in sha.

Muka shiga mota muka nufi gida. Da muka kusa isa, Abba ya tsaya a gefen titi, ya kifa goshi a kan sitiyari, ya ce in yafe masa. Ni da na yanke kasko, ni ake roƙo. Na so in yi wani barkwanci kamar yadda na saba, na laluba ko'ina ban samu ba.

Umma ta yi wata biyu ba ta yi wa Abba magana ba sai abin da ya zama dole, ku kuna tsammanin ciwon haƙori take yi. Na kwana goma sha biyu a ɗakin Kawu Ɗanlami da ke ginin kusa da namu, tare da ma'aikata shida, kafin a gama mini takardu. Iƙamarku ta fito ranar Lahadin, kamar yadda tsohon ya faɗa. Ni kuma ranar wata Talata Abba ya raka ni filin jirgi da jaka ɗaya da wasiƙa zuwa ga Baffa a Zariya. Shekara huɗu ke nan, ban ƙara ganin ɗayanku ba sai ta waya.